Ba Na Son Ragowar Injin Taubashina

Inna Zulai, don Allah ki taimake ni da shawara tun kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Kwanakin nan ko shayi ba ya yi mini daɗi a baki, kuma ba ni da wanda zan gaya wa, domin duk wanda na sani ya san mutumin da zan yi magana a kansa.

Ni direba ne. Ƙauyenmu yana kan dutse, arewa da Agadas, kuma mota ɗaya ce tak take hawa can, ita ce tawa. Tsohuwar Landiroba ce da na gada wurin mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ta ma girme ni. Ita ke sauko da albasa da lemu da rumman na masu lambu, ita ke hawa da gero da sukari da ganyen shayi, ita ke sauko da mai naƙuda idan abu ya yi tsanani. Hanyar kuwa iyayenmu ne suka sare ta da diga da guduma, kuma da faɗin motar nan suka auna. Akwai wani matsi tsakanin duwatsu biyu da muke kira Maƙogwaro, sai na naɗe madubai nake wucewa.

To injinta na fetur ya gaji. Yana shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, a hawa kuma sai tari. Gumur, bakanikenmu na Agadas, ya ce ya gyara har ya gaji, in sa mata injin dizal in huta. Har nan babu matsala.

Matsalar ita ce Ewangay. Ɗan gwaggona ne, taubashina, tare muka yi kiwon awaki, rana ɗaya aka naɗa mana rawani. Ni na koya masa tuƙi, Inna, a cikin motar nan tawa, har sai da ya kusa jefa mu cikin lambun mutane. Daga baya ya shiga kai wa masu haƙar zinariya ruwa da abinci a sahara, Allah ya buɗa masa. Bara ya cire ƙaramin injin dizal mai silinda huɗu daga motarsa ya sa wani ƙato mai silinda shida. Ya sauya aksil gaba da baya, wato ƙarafan nan da ke ɗauke da tayoyi, ya sa masu faɗi da kauri. Idan ya tayar da ita har a ƙirjinka kake jin rurin. Na ce masa Allah ya sa alheri, amma a fatar baki ya tsaya.

Abin ya fashe ne a wani biki da aka yi a gindin dutse. Mata sun ɗaure fata a bakin turmi suna kaɗa tende, Tekna matar maƙeri tana waƙa. Tun zamanin babana, idan ta gama yabon raƙuma sai ta sako motarmu, ta kira ta farar akuya mai hawa inda jaki ke tsoro. Ina zaune ina jira, har na gyara zama. Sai na ji ta ɗauko baƙin amale mai ruri, wanda hamadar Tenere ke buɗe wa hanya. Motar Ewangay ke nan. Mata suka ɗauki guɗa, kuma ko cikin mata ɗari na san guɗar matata Tamumun, tana ciki. Aka gama waƙa ba a ambaci farar akuya ba. Na ja rawani har ƙarƙashin ido don kada a ga fuskata.

Bai isa ba. Da maza suka zauna shan shayi, sai Ewangay ya ɗaga murya a gaban kowa ya ce, "Kai bawana, na ji an ce tsohuwarka tana tarin fuka. Ga injina da na cire yana can garejin Gumur, kaji na ƙwai a kai. Je ka ɗauka, sadaka na ba ka, kada ta mutu a hannunka a ce mu iyayen gidanka ne muka yi sake." Wuri ya ɗauki dariya. A al'ada ramawa zan yi da wadda ta fi zafi, mu tafa, a wuce wurin, don ba a fushi da taubashi. Da can ma ni ke kayar da shi a wannan wasa. Amma ranar sai na yi ta juya kofi a hannu kamar wawa.

Na je wurin Gumur. Ya ce injin Ewangay lafiyarsa ƙalau, kuma kamar don motata aka ƙera shi, zai zauna da giyata da aksil ɗina ba tare da an yanka komai ba. Ni kuwa na riga na hango wani mai silinda shida a wurin wani dillali, irin na Ewangay sak. Gumur ya dube ni ya ce, "Idan ka ɗora wannan a kan tsofaffin aksil ɗinka, ranar da ka taka da lodi a hawa zai murɗe su kamar wanki. In kuma ka sa masu faɗi don su ɗauke shi, to ka yi sallama da Maƙogwaro. Zaɓi ɗaya, ni dai spana ce tawa." Gaskiya ya faɗa, don Ewangay kansa tun da ya faɗaɗa tasa a gindin dutse yake ajiye ta ya hau da ƙafa. Duk na san wannan. Amma kullum na shiga gari sai ƙafata ta kai ni wurin dillalin nan, in tsaya ina shafa injin.

Ga abin da ya fi tsorata ni. Watan jiya Ewangay ya yi jinkiri a sahara, babu labarinsa. Gwaggo, mahaifiyarsa, wadda gidanta ke kusa da namu a kan dutse, ta shigo mini tana kuka. Ina ba ta haƙuri, amma can cikin zuciyata wani sanyi nake ji, ina cewa to amale ya durƙusa. Kin san abin da mutuwar mota take nufi a Tenere. Da ya dawo lafiya na rungume shi, kuma wallahi ban ji daɗin da ya kamata in ji ba. Ni ba haka nake ba, Inna. Kishi nake yi da shi, kishi mai cin rai, na faɗa.

Yanzu motar tana kan jak, albasa ta kusa isa cira, masu lambu sun fara aiko mini da tambaya. Wani lokaci in ce in sa babban injin da manyan aksil, in bi sahara ni ma, albasa ta koma bayan jakuna kamar da. Wani lokaci in ce in ɗora shi a kan tsofaffin aksil ɗin in riƙa takawa a hankali. Abin da ba na iya haɗiyewa shi ne in yi ta yawo da ragowar Ewangay, duk wanda ya ji ƙarar motata ya ce ga sadaka nan tana wucewa. Yaya zan yi?

Direban Dutse, Agadas

Ɗana Direban Dutse,

Na karanta wasiƙarka, kuma na yaba da ka kira ciwon da sunansa. Mutane da yawa da sun rubuto mini tambayar inji kawai sun ɓoye sauran.

Ni ban san silinda ba, sai na kai maganar wurin wani maƙwabcina da ya tsufa a gyaran manyan motoci. Bai saɓa wa Gumur ko da kalma ɗaya ba. Saboda haka mu fara soke shawarar tsakiya. Babban inji a kan tsofaffin aksil ba zaɓi ba ne, ganganci ne. Ka ce za ka riƙa takawa a hankali, amma don ruri kake son sa, kuma ranar da ka ji guɗa a bayanka ƙafarka ba za ta nemi izininka ba. A ranar kuwa wataƙila mai naƙuda ce kwance a bayan motar.

Babban inji da manyan aksil ba zunubi ba ne. Idan da gaske aikin sahara kake so, ka nemi motar sahara idan hali ya yi, babu mai zarginka. Amma ban ji ka yabi sahara ko sau ɗaya a wasiƙarka ba, waƙar Tekna na ji kana nema. To ko ka faɗaɗa motar, baƙin amale dai an riga an ba wani, kai na biyu za ka zama, kuma ka bar ƙauye guda babu mota.

Zafin da ka ji gaskiya ne, ba zan ce maka ba komai ba ne. Wanda ya koya wa mutum tuƙi ya ga an yi wa ɗalibin guɗa an manta da shi, dole ransa ya sosu. Ewangay ma ya zuba barkono da yawa, tunda ya ga ba ka rama ba ya kamata ya sassauta. Sai dai ka tambayi kanka, ta wace hanya taubashi zai ba ka kyauta mai nauyi haka? Da ya ja ka gefe ya yi ƙasa da murya ya ce ya ga kana cikin wahala, da ka fi haka jin ciwo. Ya naɗe kyautar cikin zagi ne don ka iya karɓa kanka a sama. Inji mai lafiya kuma ba a rasa mai saye ba, ajiye maka shi ya yi.

Tamumun kuwa ka sakar mata fuska. Guɗar biki ba zaɓen miji ba ce. Ka gaya mata abin da ka ji, za ta yi maka dariya, dariyar kuma magani ce.

Sanyin da ka ji ranar da gwaggonka take kuka, shi ne abin da ya fi inji bukatar gyara. Tunda ya tsorata ka, zuciyarka tana da rai. Kada ka je ka faɗa wa Ewangay, nauyi kawai za ka ɗora masa. Ka riƙa yi masa addu'a da sunansa duk sanda ya kama hanya, ko bakinka yana ɗaci. Hassada ba ta jure wannan.

Yanzu ga aiki. Ka je ka ɗauki injin Ewangay tun albasa ba ta ruɓe a lambu ba, girman kai rawanin tsiya ne. Ka sa Gumur ya tayar da shi a gabanka ku duba hayaƙinsa, ya buɗe aksil ɗin gaba da baya ya sauya duk abin da ya ci, ya sabunta birki, ya tabbata lagireto mai sanyaya inji zai iya da zafin hawa. Kada ka je a ɓoye kamar mai sata. Ka je da rana tsaka, mutane na gani.

Sannan ka biya taubashinka da irin kuɗinsa. Akwai abin da kishi ya rufe maka ido ba ka gani ba: mutumin nan da kake ƙyashi yana da motar da ba ta iya kai shi ƙofar uwarsa. Ranar da ya ajiye amalensa a gindin dutse ya fara naɗe wando zai hau da ƙafa, ka tsaya kusa da shi, ka buɗe ƙofa, ka ɗaga murya yadda kowa zai ji, ka ce, hau bawana, in kai ka wurin gwaggo, sadaka.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kiyaye hanya, ya bar ku tare.

Inna Zulai