Bushiyar da Ta Ƙi Fita

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdulillahi. Jikin Baba da sauƙi, ya fara riƙe cokali da kansa, ƙafar ce dai har yanzu ba ta taku. Bakin kuwa ras! Ko wanka na shiga sai ya ƙwala mini kira.

Kin ce saƙon muryata ya yi miki yawa, to ga takarda, ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda bokona ya tsaya. Gidan nan sabis ba ya kamawa sai a lambun Baba, can lungun katanga tsakanin tumatir da kabewa. Nan nake tsugunawa da waya kamar mai laifi, har na san kowa: ƙadangare mai jan kai, da wani kwaɗo da ya mai da butar ban ruwa ɗakinsa. Rannan da safe na ɗaga ganyen kabewa, sai ga bushiya ta dunƙule kamar soson wanke tukunya. Yaya, hancinta ɗan mitsitsi! Na ɗora hotonta a sitatus, har ƙawayena suka sa mata Hajiya. Ashe ta rariya take shigowa. Baba da ya ji, ya ce inda bushiya ta bi maciji ma zai bi, in toshe da bulo. Na toshe, ban san tana cikin lambun ba. Haka ta yi ta bin gindin katanga tana tono, har ta gaji ta bari.

Jiya tausayi ya kama ni, na faki idon Baba na janye bulon. Ta zo, ta shinshina ƙofar rariyar, ta juya ta koma ƙarƙashin ganye abinta. Wallahi sai na ga kamar ni ce. Don rannan maƙwabciyarmu ta ce in je in sha iska, za ta zauna da Baba. Na sa gyale, na kai bakin ƙofa, na rasa inda za ni, na dawo.

Mai shagon ɗinkinmu ta ce in wata ya ƙare ban koma ba, za ta ba wata kekena. Kin ce za ki zo ki karɓe ni, kullum sai ki ce sai an kwana biyu. Ba gajiya na yi da Baba ba, Allah ya sani. Ki zo tun ina iya fita.

Ki gaida Gwaggo da maigidan, ki ja mini kumatun jaririnki Sarkin Kuka. Bulon yana gefe, ban mayar ba.

Ƙanwarki,
Auta