Farar Mota da Baƙa, da Kira Ukun da Ban Ɗaga Ba

Zuwa ga Ibtisam, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta tsattsage, inuwar dalbejiya da tsakar rana, farar audugar Jazira ranar da ta fashe! Amincin Allah ya lulluɓe ki.

Ya habibti, daga Mai Wurno, garinmu na Sudan, nake rubuto miki, yau kwana tara da dawowata daga Jidda. Na je gidanku na tarar da kwaɗo a ƙofa, ciyawa ta kai gwiwa. Yayata Hauwa ta ce kina Damazin wurin kawunki Alhasan, kina koyarwa a firamare, kuma kin ce kada a ba ni lambarki. Ban ga laifinki ba. Sai dai rabin labarin ranar nan kika ji, a bakin mutane. Ki yi haƙuri ki ji sauran daga bakin mai laifin.

Kin san direba ne ni a gidan sayar da motoci a Jidda. A makon da abin ya faru aka kawo mana manyan motoci biyu na masu hannu da shuni, fara da baƙa, irin waɗanda ke shan fetur kuma a jona su a bango su sha lantarki kamar waya. Wani attajiri ya kasa zaɓa, sai maigidana ya ce in fita da su bayan gari in gwada, abokin aikina Zaharaddini ya riƙe agogo. Wallahi, Ibtisam, ranar nan ji na yi kamar an naɗa ni sarki! Ni da na koyi tuƙi a tsohuwar tarakta a gonakin Wad Haddad, ga ni a kujerar fata mai hura sanyi a baya.

Farar ta fi zafin nama. In na taka ta daga tsaye, injin da batir su haɗa ƙarfi, sai ta manna ni da kujera, cikin daƙiƙa huɗu da rabi ta kai gudun kilomita ɗari. Baƙar ta fi nauyi, sai ta ci biyar da ɗoriya, amma ta fi riƙe ƙasa a kwana, kuma takan yi tafiya mai nisa da lantarki kaɗai, shiru, ba ka jin komai sai tayoyi. Muka yi ta musu. Zaharaddini ya ce batirin farar ya ɗau zafi, ta fara ja da baya, mu sake. Muka sake. Muka kuma sakewa.

A zagaye na huɗu wayata ta yi motsi a gefen giya. Na ga sunanki. Na gan shi, ya hasken raina, ba zan yi miki ƙarya ba, na gan shi da idona! Na ce bari in gama. Kika sake kira, ƙafata na kan totur. A kira na uku na kife wayar, na ce a raina bayan la'asar zan kira ki in ba ki labari ki yi dariya.

Bayan la'asar na buɗe saƙon muryarki. Har yau ina iya maimaita shi ba tuntuɓe: "Muzammil, yaƙi ya matso, mutane na fita daga gari. Baba ya kasa tashi. Ka ce wa Jibril ya biyo ta gidanmu da hafilarsa, bas ɗin nan tasa, ba ni da sabuwar lambarsa. Don Allah ka ɗaga."

Na kira ki, shabaka ta ɗauke, babu layin waya. Na kira ƙanena Jibril, shi ma tasa haka. Wata biyar ban ji muryar kowa daga gida ba. Da na same shi daga baya, sai ya ce ya bar gari kusan awa guda bayan kiranki, ta bayan masallacin unguwarku ya wuce, kuma da ya sani da ko a cinyarsa ne zai ɗora Baba Abdussalami. Awa guda, Ibtisam! Daƙiƙa nawa ɗaga waya ke ci? Wane attajiri ne zai mutu don an jinkirta masa zaɓen mota? Me na tsaya aunawa a titin nan, ni da aka ba amanarki?

Hauwa ta gaya mini sauran. Ta ce a karo, amalanken jaki, kuka ɗora shi, ke da mahaifiyarki kuna turawa cikin taɓo, ruwa na dukan ku, kin tuɓe tob ɗinki, mayafin da kika lulluɓa, kin rufe shi. Ta ce a rana ta uku ya cika, a wani ƙauye da ba ku san kowa ba, mutanen kirki suka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Na san ajali ba ya jiran mota. Malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma yardar ba ta hana ni ganin hannuna yana kife wayar nan.

Kin tuna ranar da na zo yi muku sallama a gonarsa ta bakin kogi? Ruwa ya janye, kuɓewa ta yi fure, kika kawo jabana, butar gahawa, kina taka laka da takalmi a hannu. Na cika shi da surutun motoci har kofinsa ya huce. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, na ba ka ita. Ka je ka dawo." Ke kuwa kika sunkuyar da kai kina gyara garwashi, kunnenki ya ji komai. Ban taɓa ganin abin da ya kai ki kyau a ranar nan ba, ko wata a kan ruwa, ko dawa in ta yi kai. Ya ba ni ke ba tare da ya tambaye ni komai ba, ni kuwa abu ɗaya aka taɓa nema a wurina dominsa.

Attajirin, in kina son sani, baƙar ya saya. Ko tambayar daƙiƙun bai yi ba. Launin ne ya yi wa matarsa. Na ƙarasa watannin da suka rage mini a yarjejeniyar aiki, na ajiye makullai na taho.

Ba na roƙon ki manta, ya kurciyar zuciyata. Ban ma isa in roƙi ki so ni kamar da ba. Ranar Juma'a zan zo Damazin in gaida kawu Alhasan. In kin fito, alhamdu lillahi. In ba ki fito ba, zan sha shayinsa in koma, in sake zuwa wata Juma'ar. Abu ɗaya nake roƙo yanzu: ki rubuta mini sunan ƙauyen nan, ko a bayan takardar nan ne, ki ba kawu. Ina so in je in tsaya a kan kabarinsa, in gaya masa da bakina.

Ba zan nemi wata ba, ko kin buɗe mini ƙofa ko kin bar ta a rufe, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Naki, mai laifi, mai son ki,
Muzammil