Ni da Kwalina a Shagon Batir

Talata, bayan isha'i, Bungudu

Ƙafafuna ciwo suke, amma yau na ji daɗin kaina. Tun da maigidana Malam ya rasu ya bar mini motar nan, ban taɓa sayen kayanta ba. Kafin in tafi Gusau sayen sabon batir, na aza kwali kan mataccen batirin motar, na zana girmansa da gefen da jar waya take kamawa.

Mai shagon farko ya ce, "Hajiya, batir duk ɗaya ne. Ki turo namiji."

Na ɗora kwalina kan batirinsa, ashe kawunan da wayoyi ke kamawa a juye suke. Sai a shago na uku na dace.

Da na dawo gida aka ɗaura shi, murɗa ɗaya motar ta tashi. Yaya Sani ya ce wane bakanike ya zaɓo mini. Na miƙa masa kwalin.