Sabon Sirdin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Baba ya sake kirana da sunan ƙanensa da ya rasu. Da safe ya hau tsohon kekensa na hawan duwatsu, ko ƙarshen layi bai kai ba ya dawo dafe da ƙugu. Sirdin ya yi masa tauri. Sai ya zauna a falo yana yi min tambaya ɗaya har la'asar. Wallahi na gaji da tsohon nan.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kai keken wurin mai gyara. An sa sirdi mai faɗi, mai soso. An ɗaga kan keken don ya daina sunkuyawa, an canza tayoyi, an zuba wa sarƙa mai. Na ɗana shi a kan ramukan layinmu, sai ka ce a kan katifa nake.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ta zo ta gani. Wai tunda mantuwa ta kama Baba, ciwon ƙugun nan ne kaɗai ke juyo da shi gida, ko ban sani ba? Na ce mata in tausayinsa take ji, ai akwai ɗaki a gidanta.

Na sani mana.

Laraba, 12 ga Maris
Ya fita da safe, sai azahar ya dawo. Gida shiru. Na sha barcina har da minshari.

Lahadi, 16 ga Maris
Bai dawo ba. Yaya ta dame ni da kuka a waya, na kashe abata.

Talata, 18 ga Maris
Wani direban tifa ya kawo shi. A bayan gada ya tsince shi, leɓe ya tsage, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ina sauke keken, Baba ya riƙe hannuna yana murmushi.

"Kai ne mai gyaran? Allah ya yi maka albarka. Ɗana bai taɓa yi min irin wannan ba."

Na ce amin.

Alhamis, 20 ga Maris
Na ari keken maƙwabci. Motsa jiki ne kawai, tumbina ya yi yawa. Hanyarmu ce ta zo ɗaya da Baba, shi a gaba, ni a baya, har muka dawo. Bai waiwayo ba.