Kumburin Baba

Litinin, 4 ga Janairu 1993
Kumburin ƙarƙashin haɓar Baba ya ƙaru. Da ya kai kunun tsamiya baki sai wurin ya tashi kamar ƙwan zabuwa. Na wasa aska, na ce bari in tsaga. Ya ce, "Jelani, aje. Bari Maccido shi zo." Mutumin da ya tsaga rabin Wurno, shi ya koya mini wanzanci, yau hannuna yake tsoro.

Alhamis, 7 ga Janairu
Likita Maccido ya iso daga Sakkwato. Ƙanena. An yanka masa kaza. Ni da ke gidan kullum, tuwon jiya.

Asabar, 9 ga Janairu
Ya ce tsakuwa ce ta toshe inda miyau ke fitowa, sai an cire ƙullin duka a asibiti. Na ce aikin minti biyu ne a wurina. Ya kama yatsana ya ɗora a gefen muƙamuƙin Baba. "Yaya, mi ka ji?" Abu na bugawa. Wai babbar jijiya ce, ta raɓi ƙullin miyau tana ba shi jini kafin ta hau fuska, in aska ta taɓa ta, toka ba ta tsai da jinin. A gaban Baba ya faɗa. Na ji haushi, har yanzu ina ji.

Talata, 12 ga Janairu
Sun tafi. An bar ni da awaki.

Juma'a, 15 ga Janairu
An yi aikin, lafiya. Inna na ta faɗa wa maƙwabta "ɗana ya tsaya a kai". Ɗa guda gare ta ke nan.

Lahadi, 7 ga Fabrairu
Cin kasuwar Goronyo. Yari, mai noman albasa a bakin dam, ya zauna a tabarmata da irin kumburin, ya ce a tsaga ya koma ban-ruwa. Na buɗe zabira. Ban san lokacin da yatsana ya tafi muƙamuƙinsa ba. Tana nan, tana bugawa.
Na mayar da aska. Na ce ya tafi Sakkwato.
"Wa zan nema can?"
Na ce ya nemi Likita Maccido, ya ce yayansa ya aiko shi. Don dai kada ya daɗe a layi.