Fuskata a Cikin Takalmin Mai Gadin Banki

Zuwa ga tsohuwata, uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Yaya mai jego da jaririn? Ki gaishe da surukinmu, ko da yake shi bai taɓa aiko min da gaisuwa ba sai an tuna masa. Ni lafiya lau, sai tarin nan da kika sani.

Tela maƙwabcina ne ke rubuta min wannan, na kuma sa ya rantse ba zai ƙara ko ya rage ba. Na ƙi kiranki a waya ne saboda 'yarki na buɗe murya kowa ya ji, ni kuwa maganar ba ta taro ba ce. Ke da kika yi aji huɗu kike min gori da shi tun muna da haƙora, yau ga ranarsa, ki karanta ke kaɗai.

Autanki ya tozarta ni. Tunda yana nan garin tare da ku, na san kin riga ni sani, kika yi shiru kamar yadda kika saba in dai a kansa ne. Ya aiko min da faifan kiɗansa, babba, irin na da, a cikin kwali mai faɗi kamar faranti. Ban da abin kunna shi, shi ma ya sani. Na zaro kwalin a gaban mai aski da mutanensa, ina cewa bari mu ga fuskar mara kunya. Sai na ga tawa.

Ni ne zaune a kan 'yar kujerata a bakin titi, cikin singiletin nan mai hudar kafaɗa da kika yi ta cewa in yar. Kaina a sunkuye, sanƙona na ƙyalli, ƙusoshi a bakina, ga ƙafar wani ƙato a kan akwatina ina gyara masa takalmi. Shekara da shekaru ina wanka in sa riga mai guga kafin in je ko'ina, don kada a ce shumeka ƙazami ne. Shi kuwa ya zaɓi ranar da na fi kowace rana lalacewa, ya buga, ya raba wa duniya. Mai aski ya ce hoton yana cikin kowace waya, duk wanda ya kunna kiɗan sai ya gan ni durƙushe a gaban ƙafar wani.

Ya kunna min a wayarsa. Ba waƙa a ciki, jita ce kawai da wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashinta. Ina kallon sanƙona ina saurare, wallahi jitar nan dariya take yi min. Kowane ƙwas kamar ranƙwashi a kaina. Ban bari ya kai rabi ba na tashi.

Yaron da na zaunar a gefena ya koyi riƙe basilla ya ce warin gam na sa masa ciwon kai. Yaron da ya yanke zaren ɗinkina mai kyau ya ɗaura a gwangwani yana kaɗawa. Yau sana'ar da ya raina ita ce adon kasuwarsa.

Kwalin dai bai yi asara ba, yana da kauri. Mai gadin bankin kan kwana ya kawo manyan takalmansa shimfiɗar ciki ta cinye, na ɗora a kan hoton na zana, na yanke ƙafa biyu, na shafa gam na manna. Ragowar na share da shara. Faifan kuma na rufe bokitin ruwa da shi.

Na kira ɗan naki na faɗa masa abin da ke raina. Na ce ya cire ni daga kayansa, ban haife shi don ya yi talla da ni ba. Bai yi musu ba. Ya ce to, Baba, zan cire ka. Ko haƙuri bai bayar ba, irin taurin kan danginku.

Ki shafa man nan a ƙafar safe da yamma. Ki dawo da maganin tarina in kin tashi, na nan ba ya ji.

Mijinki,
Shumeka

*

Zuwa ga tsohuwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mai jego da ɗan ƙaramin maigidan. Saƙonki ya iso ta hannun direba, maganin ma ya iso. Abin da kika rubuta a kaina kuma Tela ya karanta min har sau biyu, na biyun don jin daɗinsa ne kawai. Ban ce kin yi gaskiya ba.

Ina sanar da ke cewa na mutu, in ba ki ji ba. Aƙalla haka mutanen gari suka ɗauka.

Ranar da abin ya fara ina cikin ɗinke wani silifa, sai ga tsohuwar nas ɗin nan da ke kawo min takalmanta farare tun tana aiki. Ta sha kwana da mayafi a fuska, idonta jawur. Da ta gan ni sai ta dafe bango. Ta ce jikarta ce ta nuna mata hoton a waya, ta saurari kiɗan tana kuka, ta taso don ta yi miki ta'aziyya. Kafin la'asar mutum uku suka zo da irin wannan fuskar. Ɗaya har ya ji haushi da ya same ni da rai, don ya rufe shagonsa ya taho. Mai aski ya samu abin yi, duk wanda ya wuce sai ya ce masa ya zo ya gaisa da mamaci.

Na je na ce ya nuna min. Ɗanki ya cika alkawari. Hoton nan ne dai, bango ɗaya, akwati ɗaya, ƙafar nan tana kan akwatin. Amma ni babu ni. Kujerata ce kawai, da ramin da zamana ya yi mata, da guduma a ƙasa. Ban san yadda suke goge mutum ba, ko inuwata ba su bari ba.

Na ce ya kunna. Ba don ina so ba, don in ji abin da ya sa mace mai hankali kuka ne. Na zauna a bencinsa ina kallon kujerar da ba kowa, ya sa min abin kunne.

Tsohuwa, ƙwas-ƙwas ɗin nan gudumata ce. Ba ganga ba ce, ba inji ba ne. Na gane ta da 'yar tsayawar da nake yi in zaro ƙusa daga bakina kafin in ci gaba. Jitar ma tana tsayawa a daidai wurin, tana jirana, sai na buga sannan ta biyo. Har tarina yana ciki, can ƙasa-ƙasa. Kin tuna zuwansa na ƙarshe, da ya yini a gefena da waya a kan gwiwa, na dawo gida ina ce miki ɗanki ya zama malalaci ko buroshi bai miƙo min ba? Ashe aikin da yake yi ke nan.

A kiɗa na ƙarshe gudumar tana yin shiru, jitar ta ci gaba ita kaɗai, a hankali. Mai aski ya ce lokacin da hotona ke jiki, mutane na cewa nan ne Baba ya tashi daga aiki ya tafi gida cin abinci, har murmushi suke yi. Yanzu da kujera ce kawai, kowa ya zo wurin sai ya ce Allah ya jiƙansa. Kiɗa ɗaya, ko zare ɗaya ba a canja ba. Ni kaina da nake zaune da raina, da gudumar ta tsaya sai da na taɓa ƙirjina.

Na cire abin kunnen na ce masa batirinsa ne ke sa ido ruwa. Bai yi dariya ba, wannan ya fi min ciwo.

Na so in sake kallon hoton farko, in saurara da shi ko zan ji abin da suka ji. Mai aski ya bincika wayarsa, ya ce an sauya ko'ina. Tela ya ce in kira yaron ya turo. Ni in kira shi? Da bakin da na ce ya cire ni? Tela ya ce a rubuta cewa kunya nake ji. Na ce ya rubuta abin da na faɗa kawai, ga shi kuma na ga alƙalaminsa bai tsaya ba.

Kada ki gaya wa Auta komai. Na ɗauke faifan daga kan bokiti, don ruwa na taɓa shi ne kawai.

Mijinki da ke raye,
Shumeka

*

Zuwa ga uwar Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan, har da surukin. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Kin ce yaron ya daina zuwa cin abinci wurinku, in ya zo ma ba ya taɓa jitar. Na ji. Ban yi barcin kirki ba tun da Tela ya karanta min wurin.

Zan faɗa miki abin da na yi, ki yi dariyarki ki gama kafin ki dawo.

Na yanka sabuwar shimfiɗa ta fata mai laushi, irin wadda nake ɓoyewa don manyan mutane, na sa rigata mai guga na tafi banki da safe. Mutane sun yi layi har bakin titi. Na ce wa mai gadin kwalin da na sa masa ba shi da kyau, na zo in canja masa kyauta. Ya ce shi lafiya lau yake jin sa, bai taɓa samun shimfiɗa mai daɗinta ba. Na ce zai sa masa ciwon baya. Ya ce ba zai bar ƙofa ba, kuma an hana su zama a bakin aiki. Sai na durƙusa a wurin, a gaban layin nan duka, na kwance masa igiya da hannuna, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dafe da kaina. Ni da na yi faɗa don an nuna ni sunkuye a gaban ƙafar mutum. Wata yarinya a layin ta ɗaga waya, ban ko ɗago ba.

Gam ɗina kin san shi, ba ya saki da wasa. Da wuƙa na bi a hankali na ɓamɓaro su. Warin kuwa ba sai na faɗa ba, mutumin yini yake a tsaye. Da ya ga abin da ke jiki ya buɗe baki, ya ce Baba, ashe kai nake takawa. Na ce ya rufe bakinsa ya sa takalminsa.

Na shanya su a kan akwatina, na jera su gefe da gefe. Fuskata ta tafi, ta faɗo daidai dunduniyarsa, gumi ya cinye ta sai wani farin tabo. Amma a ta dama hannuwana sun tsira, don sun faɗo a lanƙwasar tafin ƙafa inda ba ya taka ƙasa. Ban taɓa ganin hannuna daga waje ba. Duk tabon basilla yana nan, da babban yatsan da guduma ta fasa. Ba su yi kama da hannun wanda ake yi wa dariya ba. Aiki suke yi, kuma sun iya.

A ta hagu kuma ƙafar nan ce ta kan akwati. Ranar farko fushi bai bar ni na dube ta ba, a wayar mai aski kuma ta yi ƙanƙanta wa idona. Yanzu na kawo ta kusa da hanci, da warin da komai. Ɗinkin gefen nawa ne. Dunduniyar ta cinye ta waje, ta ɓangare ɗaya, yadda mutum ɗaya tak a duniya ke cinye takalmi tun yana tatata, na yi faɗan har na gaji. Ƙafar ɗanki ce. Ranar da zai koma ne, na ga tafin ya buɗe baki, na ce ba zai shiga mota da wannan abin kunyar ba, ya ɗora nan in kama masa. Ina ta mita ina bugawa, shi yana tsaye a kaina da waya. Ƙaton da na ce na durƙusa wa ke nan.

Na ɗauki shimfiɗun na tafi wurin mai aski, na ɗora su a gwiwa na ce ya kunna daga farko. Ya toshe hanci amma ya kunna. Wannan karon da gudumar ta yi shiru ban ji mutuwa ba, ban ji tashi cin abinci ba. Na ji an gama gyaran ne, yaro ya sauke ƙafarsa ya kama hanya, jitar ita ce tafiyarsa. Ni na san haka aka yi, don ina wurin.

Ga ta dama nan, mai hannuwan, na naɗe a leda na ba direba. Ki ba Auta a hannunsa. Ta hagun tana wurina, na kafe ta da ƙusa a cikin murfin akwati, ba mai taɓa min ita.

Kada ki ce masa na ba da haƙuri, ban bayar ba. Ki ce masa mutane sun dame ni da ta'aziyya suna hana ni aiki, ya mayar da ni kan kujerata. Singiletin ma ya bar shi yadda yake. Sannan ki duba min takalmin da ke ƙafarsa. In dai wancan ne, dunduniyar ta isa canji tuni, kuma ban yarda wani ya taɓa ɗinkina ba. Kada ya ba direba. Ya kawo ƙafar da kansa.

Ki gaishe da mai jego. Ki dawo haka nan, gidan ya yi faɗi.

Mijinki,
Shumeka