Hoto Uku a Gidan Inna

Juma'a, 11 ga Agusta 2006, Tajaye

Jiya aka yi suna. Yasir. Na rubuta shi nan tunda a gidan nan ba a so in faɗe shi da baki. Yasir, Yasir, Yasir. To, a zo a hana ni.

Alhamdu lillahi. Kwana takwas da suka wuce ina kwance a asibitin Illela jini ya ƙi tsayawa, ina jin ungozoma na ce wa Goggo Tsahara su yi ta addu'a. Yau ga ni ina shan kunun kanwa ina ƙorafin ya yi zafi. Allah na gode maka, ba don halina ba.

Asabar, 12 ga Agusta

Isaka direba ya kawo wasiƙar mijina Usumanu daga Ngigmi. Shugabansu na jandarma ya hana shi hutu, sai bayan damina. Ya ce don Allah in aiko masa da hoton yaron, "da ke a ciki, Sahiya, kina riƙe da shi, in ga da idona kin tashi." Isaka zai koma can ranar ɗaya ga watan gobe.

Na karanta wa Goggo. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ki riƙe ɗan fari a gaban namiji baƙo ana ɗaukarki? Je ki faɗa wa uwarki, ni dai babu ruwana."

Lahadi, 13 ga Agusta

Na faɗa wa Inna bayan wankan safe. Tana juye sauran ruwan ganyen darbejiya, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Mi za a yi da hoto? In ya zo ya gan shi."

Na ce sai bayan damina fa. Ta ce, "Damina ba ta wuce shekara."

Haka Inna take. Shekarata ashirin da shida ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke." "Waccan." In da baƙi, "ɗiyar Tsahara". Ni ce ƴar fari, ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo a Konni, can na yi lakwal, karatun boko, can na zama malama. Na san al'ada ce, kunya ce, kowa haka aka yi masa. Sani daban, ciwo daban. Ƙannena maza biyu kuwa ta goya su ta yi musu waƙa, ga su can sun tafi ci-rani ko saƙo sai an roƙa.

Amma ita ke tashi ta haɗa wuta ta tafasa tukunya biyu, safe da yamma, da itacen da ruwa ya jiƙa. Hannunta duk ƙuna. Ban san yadda zan yi fushi da mace irin wannan ba, shi ne abin da ke ƙara ba ni haushi.

Talata, 15 ga Agusta

Matan unguwa sun shigo barka, suka tarar ina sumbatar ƙafar Yasir. Kai! Ka ce sata na yi. Bayan sun fita Inna ta ce wa Goggo, ba ni ba, "Ki hwaɗa wa ɗiyarki lakwal ta cinye mata kunya."

Na ce ɗana ne, na kusa mutuwa a kansa, kuma sai na kira sunansa a tsakiyar kasuwa. Na faɗi da ƙarfi. Ta ɗauki ƙwarya ta fita. Da yamma ƙaurin da ta dafa mini ya fi na kullum yaji, ban sani ba ko horo ne ko lallashi. Na cinye tas.

Alhamis, 17 ga Agusta

Goggo ta ciyo kan Inna! Ban san me ta faɗa mata ba. Sharaɗi biyu: ba za a haska wa yaro wutar kyamara a ido ba, kuma a ɗaura masa layarsa.

Na aika wa Tanimun mai hoto na Konni, wanda ke ɗaukar ƴan ajinmu ƙarshen shekara. Ya ce Talata zai biyo da motonsa, wato babur, daga wani biki a Malbaza. Amma hoto uku kaɗai za su rage masa a fim, in sun ƙare sun ƙare, kuma a shirya kafin ya iso don hadari ba ya jiran kowa.

Uku. Na ƙirga: ɗaya Yasir shi kaɗai. Ɗaya ni da shi, na Usumanu. Na ukun ban faɗa wa kowa ba tukuna.

Juma'a, 18 ga Agusta

Na ukun ni da Inna nake so, Yasir a tsakaninmu. Baba ya rasu ba mu da hotonsa sai na katin shaida, wanda hatimi ya cinye masa rabin fuska. Ba na so a maimaita. Ina so in ga ni da ita zaune a tabarma ɗaya, ko da a takarda ne. Shi ke nan abin da nake nema, ba wani abu ba.

Asabar, 19 ga Agusta

Ruwa tun hantsi. Gero ya yi kyau bana, Allah ya kai mu kaka. Yasir ya yi mini fitsari sau biyu a cinya, Goggo ta ce arziki ne.

Lahadi, 20 ga Agusta

Shiri. Tanimun ya yi bayani ta bakin Isaka kamar mai ba da magani: a nemi inuwa mai haske, ba cikin ɗaki ba, ba cikin rana ba. A ba yaro nono ya ƙoshi kafin a fara, don ya yi barci ko ya yi shiru. Kada a sa masa kaya masu kaushi. A kore awaki.

Mun zagaya gidan ni da Goggo muna neman bango. Na gabas ruwa ya zubar da yaɓensa. Na kusa da rumbu akwai turken akuya. Sai gefen ɗakin Inna, gindin darbejiya, amma nan ma bangon ya yi dabbare-dabbare. Goggo ta ce a rataya zane. Na fito da atamfata ta aure, ta ce ta cika hayaniya, yaron zai ɓace a cikin furanni. Gaskiyarta.

Kayan da Usumanu ya aiko kuwa, wayyo! Riga da wando na ɗan shekara ɗaya. Mun saka Yasir ciki ya nutse, sai hanci. Namiji dai! Goggo ta zauna da allura tana ragewa tana yi masa tsiya, wai jandarman da bai san girman jariri ba yaya zai gane ɓarawo.

Litinin, 21 ga Agusta

Na tambaye ta. Na jira sai da ta gama yi mini wankan yamma, ina zaune jikina na tururi, na ce, "Inna, gobe ki zauna kusa da ni a ɗauke mu."

Sai ta ce, "Ga Tsahara nan."

Na ce Goggo daban, ke daban.

"Ni in zauna in jera da ke, a wanke a takarda, a kai wa surukina shi gani? A nuna wa mutanen Ngigmi? Ke ba ki da kunya, ni ina da ita."

Na ce ba za a kai ba, nawa ne. Ta ce, "Na hwaɗa miki." Ta ɗauki tukunya.

Na yi kuka, ba zan ɓoye wa littafina ba. Goggo ta same ni ta ce maijego ba ta kuka, nono zai tsinke. Ta ce, "Ranar da aka ce jininki ya ƙi tsayawa, wa kike jin ya zauna bakin ƙofar asibiti cikin ruwan sama tun azahar har la'asar, aka yi aka yi ta shiga rumfa ta ƙi?" Na ce to me ya hana ta shigowa ta gan ni? Goggo ta ce, "Abin da ya hana ta kiran sunanki."

Wannan ba amsa ba ce. Ko amsa ce? Oho.

Can kafin magariba Inna ta fito da wani zane daga ƙasan akwatinta, saƙi baƙi mai ratsin fari, ya sha ajiya har yana ƙanshin turaren wuta. Ta ajiye a kan turmi ta ce wa iska, "In ana son na bango ga shi." Na gode mata. Ta yi kamar da akuya nake.

Talata, 22 ga Agusta

An yi! Bari in rubuta tun ban manta ba.

Tun safe aka yi wa Yasir wanka, Goggo ta zizara masa kwalli har ya koma kamar ɗan tsoho mai mamaki. Laya a wuya, rigar da aka rage. Ni na sa leshina ruwan ƙwai, ya matse ni, na dai danne numfashi. Na ba shi nono har ya saki da kansa. Muka zauna jira.

Azahar shiru. Yaro ya farka ya ɓata rigar. Aka wanke aka shanya a bakin murhu. La'asar ta kusa, gabas ta fara haɗa baƙi, ni kuma raina ya gama ɓaci, sai ga ƙarar moto. Tanimun ya shigo da laka har gwiwa yana ba da haƙuri, wai hanyar ta yanke a wani gulbi sai da aka tura shi. Ya sha ruwa a tsaye, ya dubi sama ya ce, "Madam, minti goma gare mu."

Sai iska ta taso. Ƙusoshin da muka kafa zanen da su suka fita daga jiƙaƙƙen bango, zane ya faɗo mini a ka. Aka mayar, ya sake faɗowa. Tanimun ya ce sai dai mutum ya tsaya a baya ya riƙe. Goggo gajera ce, kuma ita ke tallafe yaro. Muna ta kallon-kallo, sai Inna ta fito daga madafa tana goge hannu, ta jawo turmi ta kife, ta hau, ta ɗaga zanen ya rufe ta ruf. Daga bayan zane muka ji, "Ku yi ku gama, tuwona na kan wuta."

Na farko: Yasir a kan matashi, hannun Goggo a ɓoye tana tare shi. Ya yi hamma daidai lokacin.

Na biyu: ni da shi. Tanimun ya ce in dube shi in yi murmushi. Wallahi da na ɗaga kai na ga maƙwabta sun leƙo ta katanga, sai na ji wuyana ya yi nauyi. Ni da na ce zan kira sunansa a kasuwa! Na dai daure, saboda Usumanu.

Na uku: Tanimun ya ce wa zai shiga? Na ce babu kowa, ka sake ɗaukarmu. Muryata ta ɗan karye, ina jin an ji. Iska ta sake bugowa, Yasir ya tsala ihu, na sunkuya ina jijjiga shi, na ji ƙyas. Tanimun ya ce, "Ash! Wannan ta lalace." Fim ya ƙare. Ruwa ya sauko kafin ya ɗaure jakarsa, dole ya zauna ya ci tuwon Inna, wanda ya ɗan kama.

Ba ta zauna da ni ba. Amma ta hau turmi da ciwon gwiwarta. Na gode Allah da wannan ma, ina ƙoƙarin in gode.

Juma'a, 25 ga Agusta

Yasir ya yi murmushi cikin barci. Inna ta ce da mala'iku yake. Da shi tana hira har da waƙa, tana ce masa mijinta, wai ya zo babu ko goro.

Laraba, 30 ga Agusta

Tanimun ya kawo hotunan da kansa. Na farko da na biyu sun fito tsaf, na ga rama a fuskata amma ba laifi, mai rai ce.

Na ukun ya riƙe a hannu yana ta ba da haƙuri. Ya ce iska ta sa zanen ya sauka ta gefe ɗaya, kan tsohuwa ya fito, amma yana da almakashi, zai yanke saman ya gyara mini yanzun nan.

Na karɓa. Zanen ya karkace, gaskiya ne. Daga samansa ga goshin Inna da idanunta biyu, da yatsunta da suka damƙe bakin zanen. Ba kyamara take kallo ba. Na ce ko Yasir take kallo, tunda kuka yake. Na matsa bakin ƙofa wurin haske na duba, na sake dubawa. Yasir yana can gefen hagu a hannuna. Ita ƙeyata take kallo.

Ban taɓa ganin wannan kallon ba, don duk ranar da na juyo ta riga ta kau da kai.

Na ce wa Tanimun ya mayar da almakashinsa.

Juma'a, 1 ga Satumba

Isaka ya tafi da biyu, da wasiƙa, da ƙullin yaji. Na rubuta wa Usumanu cewa na ukun bai yi kyau ba. Allah ya yafe mini.

Ɗazu matan gidan liman suka shigo, ina ba Yasir nono. Ban san lokacin da na ja mayafi na miƙa wa Goggo shi ba. Suka tambayi sunansa don su ji bakina, na yi shiru ina wasa da bakin tabarma. Gajiya ce, ina jin. Goggo ta dube ni ta gefen ido, na harare ta.

Bayan sun fita na bar hoton a kan gadona da gangan, na tafi bayan ɗaki na daɗe. Da na dawo Inna na tsaye bakin ƙofa da shi a hannu, ta miƙar da shi nesa da ido yadda take duba tsabar gero. Ta daɗe. Ni ma na tsaya ban yi motsi ba.

Ta ce, "Zanen ya karkace."

Na ce e, Inna.

Ta goge shi da gefen zaninta, ta ce, "Bari in aje miki a akwatina, kada yara su ɓata shi." Ta shige ɗaki, na ji ƙarar makulli.

Yaro ɗaya ne a gidan nan, kwanansa ashirin da tara a duniya, ko wuyansa bai tsaya ba. Na ce to, Inna, ki aje.